Abin da Ke Bayan Goshin Ya Fanna

Ina tsakiyar zuba wa baƙi miya Ya Fanna ta ɗaga labulen ɗakina ta shigo, ko sallama babu. Zanen aiki ne a jikinta, duk ya yi maiƙo, kanta kuma ba ɗankwali. Shekara goma muna zaman haya a gida ɗaya a Herwagana, ƙofarta na kallon tawa, ban taɓa ganin ta fito gaban baƙi a haka ba.

Baƙin kuwa na kunya ne. Mahaifiyar Jerome ce, saurayin 'yata Hilda, da ƙannenta mata biyu. Daga Dawaki suka zo don mu mata mu fara sanin juna kafin maza su zauna a kan maganar aure. Na yi sauri na rufe abin da dariya, na ce musu wannan ita ce Ya Fanna, uwar Hilda ta biyu, duk amaren layin nan ita ke haɗa musu turaren wuta da humra, tamu amaryar ma ita za ta gyara. Suka gaishe ta da girmamawa. Ba ta amsa ba. Ta ɗosana a hannun kujera, ta miƙa hannu cikin farantin mahaifiyar Jerome, ta ɗauki cinyar kaza ta kai baki. Tana taunawa tana kallon matar.

"Ke ce uwar yaron?" ta ce. "To ki riƙa tuna masa da ƙwayar Hilda. In ta kwana biyu ba ta sha ba faɗuwa take yi, har da kumfa a baki. Farfaɗiya ce. Ni na sha riƙe ta a tsakar gidan nan."

Ta faɗe shi ne kamar mai cewa hadari ya haɗo a gabas. Ta yi 'yar dariya, ta goge hannu a labulena ta fita. Hilda na tsaye a bakin ƙofa da tiren zoɓo, ta ja gefe ta ba ta hanya.

Baƙin suka ɗan taɓa abincin, suka yi addu'ar rufewa, suka tafi tun kafin la'asar. Bayan mako biyu wani dattijon cocinsu ya zo da saƙo, wai dangi suna so su ƙara kai maganar gaban Ubangiji. Kowa ya san ma'anar wannan. Jerome ya san da ciwon tun farko, Hilda ba ta ɓoye masa ba, ni ce na ce kada a faɗa wa iyayensa sai bayan biki. Sau ɗaya ya zo bayan nan, ya tsaya a ƙofar gida bai shigo ba, ya ce mahaifiyarsa na da hawan jini, ba zai iya ja da ita ba. Daga ranar bai sake dawowa ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne, abin da Ya Fanna ta faɗa gaskiya ne, kuma ita da 'ya'yanta kaɗai suka rage a gidan da suka san shi. Wata uku da zuwansu gudun hijira daga Bama, ita da ɗanta Abatcha da 'yarta Falmata, ba miji ba kaya sai tukunyar soya turare guda ɗaya, Hilda ta fara faɗuwa. Shekararta goma sha biyu, tana shanya kayan makaranta. Matan da ke gidan a lokacin kowace ta fizgi ɗanta ta shige ɗaki, wai yawun mai farfaɗiya na yaɗa ciwon. Ni kaina tsayawa na yi ina ihu. Ya Fanna ce, wadda ko sunanta ban gama riƙewa ba, ta kwance mayafinta ta tura ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta gefe, ta zauna da ita har ta farfaɗo. Ita ta raka ni asibiti washegari. Mijina ya riga ya rasu, dangina suna Billiri, don haka duk shekarun da aka yi ana neman maganin da zai karɓi Hilda, ita ce kusa da ni. Hilda Iya take kiranta. Masu hayar wancan lokacin duk sun tashi, Hilda kuma ta shekara shida ba ta faɗi ba. Maganar ta mutu, har ranar kazar nan.

Da baƙin suka tafi na bi Ya Fanna ɗakinta. Tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, tana kallon bango. Na tambaye ta me na yi mata, me Hilda ta yi mata. Na faɗi maganganu da yawa, ina kuka. Ta bari na gama.

"Ai gaskiya ce," ta ce. "Akwai sauran kazar?"

Na fita na ja mata ƙofa. Daga ranar na daina gaishe ta.

Ba wai ban ga alamu ba kafin nan. Tun shekarar da ta gabata masu sayen turarenta suka fara ƙorafi. Wannan ta ce ya yi ƙauri, waccan ta ce humrar ta yi ƙarfi har tana sa ciwon kai. Matar da take shinshina itacen sandal sau ɗaya ta gaya miki ko an jiƙa shi da wani abu, ita ce ta koma juye kwalba guda inda da take ɗiga kaɗan. Cewa take yi turaren yanzu ba shi da ƙamshi, 'yan kasuwa sun lalace, ruwa suke sayarwa. Har ta yi faɗa da mutumin da ya shekara takwas yana kawo mata kaya. Ni ma a lokacin na taya ta zagin 'yan kasuwa.

Bayan rabuwarmu abin ya ƙaru, kuma duk a kan idona. Sukarin da take narkarwa don soya turare zai ƙone ya yi baƙi, hayaƙi ya cika gida har maƙwabta su leƙo, tana zaune gaban tukunyar ba ta motsa ba. Jikarta, 'yar Falmata mai shekara biyu, za ta faɗi ta fasa leɓe a gefenta, ta kalle ta ta kau da kai. Ta daina wanka sai Falmata ta ja ta. Matar da ƙarar butarta ke tashina da asuba, sai a kira azahar a kira la'asar tana kwance. Ta gaya wa matar mai gida, a gaban mutane, cewa bakinta ya yi kama da na akuya. Wata rana ta tsuguna ta yi fitsari a gindin famfo, mata na ɗibar ruwa.

Layi ya ɗauka. Wasu suka ce aljanu ne, turare ai yana jawo su. Wasu suka ce abin da ta gani a Bama ne ya taso mata sai yanzu. Abatcha, wanda ke jan motar haya zuwa Biu, ya kawo malamai har uku aka yi mata ruƙiyya. Tana zaune ana karatu tana hamma.

Ni kuwa na ce hassada ce. A taron zumuntar mata na cocinmu na fara faɗa, ranar wata Laraba. Na ce 'yarta Falmata aurenta ya mutu ta dawo gida da goyo, shi ya sa ba za ta iya ganin tawa ta shiga ɗakin miji ba. Na ce wannan shi ne ainihin halinta, shekara goma tana ɓoye shi. Kafin Lahadi maganar ta zagaya layinmu, ta shiga gidajen Musulmi da na Kirista, ta dawo cikin gidanmu ta bakin mai sayar da awara. Iyayen amare suka daina zuwa. Falmata ta daina ɗaga ido in mun haɗu.

Wata biyu da fasa auren, Hilda ta dawo daga asibiti inda take zuwa karɓar magani duk bayan wata uku. Ta same ni ina tsince shinkafa. Ta ce ta ba likitanta labarin Iya, shi kuma tambayar farko da ya yi ita ce ko tana jin ƙamshi. Da ta gaya masa zancen turaren da ƙonewar sukari, sai ya ajiye biro ya ce a kawo ta, kada a ɗauki lokaci.

"Mama, wannan ba Iya ba ce," Hilda ta ce. "Wani abu ne ke damun kanta."

"Ita ce. Yanzu ne kika san ta."

"Ko kati ne mu yankar mata. Ni zan kai ta."

"In kika taka ƙofar ɗakin nan," na ce, "ki nemi wata uwar."

Ba ta taka ba. Amma ta faɗa wa Falmata a bakin famfo, a hankali, suna wanke-wanke. Falmata ta faɗa wa Abatcha da ya dawo daga hanya. Ina ɗakina na ji amsarsa, don da ƙarfi ya yi ta, saboda ni. Ya ce mutanen da suka gama yawo da sunan uwarsa a coci, yanzu kuma so suke su ce mahaukaciya ce a kai ta a ɗaure. Ya ce ba ya son shawarar kowa daga wancan ɗakin. Na ji, na ci gaba da abin da nake yi. Har wani daɗi na ji, don ya nuna wa Hilda irin mutanen da take tausayi.

Aka yi wata bakwai a haka. Damina ta zo ta wuce. Jerome ya yi aure, wata malamar firamare daga Kaltungo. Hilda ta rame, ta kama aiki a wani shagon ɗinki, ba ta cika magana ba. Ya Fanna kuma ta fara lalube. Sai ta nufi ƙofa ta bugi bango, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi ta kama iska. Sau biyu ina gani ta yi karo da duron ruwa. Na ce a raina sabon salo ne.

Ranar wata Talata da hantsi ina wanki a tsakar gida. Abatcha na hanya, Falmata ta goya 'yarta ta tafi kai niƙa. Ya Fanna na zaune a kujerar tsugune kusa da murhun gawayi, an bar mata ruwan zafi a kai. Ƙaurin tsumma na fara ji. Na ɗaga kai na ga bakin zanenta ya kwanta a kan garwashi, wuta na cinsa tana hawa a hankali, hayaƙin na wucewa ta gaban fuskarta. Ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ba zan yi ƙarya ba, ban tashi nan take ba. Na jira in ga ko za ta daina wasan. Sai da wutar ta kai ƙwaurinta ta yi wani ƙaramin sauti, sannan na ɗauki bahon wankin na juye mata.

Ta zauna jiƙe, kumfar sabulu na bin ƙafarta. Na tsuguna na ɗaga zanen, fatar ta saluɓe kamar faɗin tafin hannu.

"Wace ce?" ta ce. Fuskata na dab da tata.

"Maman Hilda ce."

"To."

Ƙunar ce ta kai mu asibiti. Falmata ta dawo, na kira Hilda daga shago, muka sa ta a keke napep. Bayan an wanke ciwon an naɗe, Hilda ba ta nemi izinin kowa ba, ta tura keken marasa lafiya har ƙofar likitanta, Likita Ibrahim Khalil. Na san shi, shi ke duba ta tun tana sakandare. Muka jira har bayan azahar.

Ya haska idanun Ya Fanna da 'yar fitila ya daɗe yana leƙawa. Ya tambaye ta ranar yau, ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta damu ba. Sannan ya ɗauko sabulun wanke hannu ya kai hancinta, ya toshe ɗaya ƙofar, ya ce me take ji. Ta ce ba komai. Ya jiƙa auduga da turaren aljihunsa, mai ƙarfi, har ni da ke bakin ƙofa na ji. Ta ja numfashi sau biyu.

"Ruwa ne," ta ce. "Sun cuce ka."

Falmata ta juya ta fuskanci bango.

Aka tura mu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kwana uku bayan nan muka koma, har da Abatcha. Likita ya ɗora hoton a kan allo mai haske. Ko ni da ban san komai ba na ga abin: wani farin dunƙule kamar lemon zaƙi, a gaba, a tsakiya, ya ture abin da ke gefensa hagu da dama.

Ya yi mana bayani a hankali, da Hausa, yana nunawa da bayan biro. Ya ce ƙwaƙwalwa ba abu ɗaya ba ce mai aiki ɗaya, sassa ne, kowane da nasa aikin, suna aika wa juna saƙo ta jijiyoyi. Abin da ido ya gani can ƙeya ake kai shi a gane shi. Magana, ga yawancin mutane, a gefen hagu take. Ya dafa goshinsa ya ce nan kuma, bayan wannan ƙashin, shi ne wurin da ke riƙe mutum. Shi ke ce maka kada ka faɗi wannan, jira tukuna, ga baƙi, tashi ka ɗauki yaron nan yana kuka. Ya ce shi ne sashen da ke gama girma a ƙarshe, sai mutum ya haura shekara ashirin, shi ya sa ƙaramin yaro ke faɗin duk abin da ya zo bakinsa. Jijiyoyin jin ƙamshi kuma a ƙarƙashinsa suke kwance, daidai saman hanci. A nan ƙarin ya tsiro. Ya ce da alama ba ciwon daji ba ne, irin mai girma a hankali ne, ya yi shekaru yana tafiya. Ya fara danne ƙamshi, sannan ya danne gaban ƙwaƙwalwar, yanzu ya kai ga jijiyoyin ido.

Abatcha ya tambaya ko ana cirewa. Likita ya ce ana cirewa, tiyata ce babba, kuma girman da ya yi ya ƙara mata haɗari. Ƙamshi ba zai dawo ba. Idon ma da wuya. Sai ya dubi Hilda.

"Ba ita ce kika ba ni labarinta ba, watannin baya?"

Hilda ta sunkuyar da kai. Bai ƙara tambaya ba, ya ce kawai a wancan lokacin tana gani, ko ba haka ba. Falmata ta ce tana gani sarai. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Abatcha bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ni da shi mun san abin da kowannenmu ya faɗa.

Har mun miƙe na kasa fita. Na ce, "Likita, maganganun da take yi wa mutane, kenan ba da nufi take yi ba?"

"Abin da ta sani yana nan, Mama," ya ce. "Abin da ke hana ta faɗa ne aka danne. Ko an gaya mata ta ɓata wa wani rai, wurin da zai ji zafin abin ba ya aiki."

Wannan likitan, a wannan ɗakin, shi ya taɓa gaya mini cewa ƙwaƙwalwa da wata 'yar wutar lantarki take aiki, farfaɗiya kuma ita ce lokacin da wutar ta taso gaba ɗaya. Ya ce ba aljani ba ne, ba laifin yarinya ba ne. Na karɓa hannu biyu a lokacin, har ina koya wa wasu. Ya Fanna na gefena ranar, ita ta riƙe mini jaka.

Aka ba da ranar tiyata, mako shida. Aka ba ta maganin rage kumburi muka dawo gida. Abatcha ya sa hannu a takarda, ya daina dogon zango don ya riƙa kwana a gida. Ban nemi izininsa ba, shi ma bai hana ni ba, na koma shiga ɗakin. Ni ke wanke ƙunar da safe, ni ke dama mata kunun gyaɗa in Falmata na fama da yarinya.

Maganin ya ɗan yi aiki. A mako na biyu ta fara gane muryoyi, har ta nemi buta da kanta. Wata rana da yamma Hilda na yanke mata farce a ƙofar ɗaki, ina zaune ina riƙe da ƙafar mai ciwo, sai ta juyo da fuska wajen Hilda.

"Yaushe ne bikin naki? Ban haɗa miki turare ba."

Hilda ta tsaya da yankan. Ta ce, "Da saura, Iya."

"Ki gaya mini da wuri. Na amare sai ya kwana arba'in a jiƙe."

"Zan gaya miki."

Washegari na samu mun rage mu biyu, na ce ta yafe mini. Ta ce me na yi. Na gaya mata duka: zumuntar mata, kalmar hassada, yadda na hana Hilda kai ta asibiti, har jiran da na yi wuta na cin zanenta. Ban rage komai ba. Ina so ta zage ni, ko ta yi kuka, ko ta ce in fita mata daga ɗaki. Ta saurara idonta a buɗe yana kallon saman ƙofa.

"To," ta ce. "Kunun ya huce?"

Na je na ɗauko mata kunun.

Daga mako na huɗu ta koma barci. Sai a tashe ta a ba ta abinci, ta haɗiya biyu ta koma. Ta fara amai da safe. Muka kira likita ya ce a ƙara maganin, in ba ta farka sosai ba a kawo ta a kwantar. Ranar Alhamis, saura kwana tara tiyata, da misalin sha ɗaya na safe, ina yi mata fifita na ji numfashinta ya canza. Sai ta ja da ƙarfi, ta yi shiru har in ƙirga goma, sannan ta sake ja. Na kira Falmata. Abatcha ya fita da gudu neman keke napep, don motarsa na wajen bakanike. Falmata ta ɗora kan uwar a cinyarta tana yi mata kalmar shahada a kunne, tana haɗawa da Barbarci, yarensu. Ni ina riƙe da hannunta. Ta ja ɗaya, muka jira na gaba, bai zo ba.

Mai keken ya shigo da shi har ƙofar gida, injin na kunne. Da ya ji kukan Falmata ya kashe.

Bayan la'asar aka kai ta. Tsakar gidanmu ta cika da mata, har waje aka shimfiɗa tabarmi. Matar mai gida ta zo, iyayen amaren da suka ɗauke ƙafa suka zo, 'yan zumuntarmu ma suka zo su goma sha ɗaya da kular shinkafa. Kowa na cewa mace ce mai kirki, mai hannun turare, ba ta da abokin faɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bayani. Ina dafa goshina ina cewa ƙari ne, a nan, likita ya nuna mana hoto, ba halinta ba ne, abin da na faɗa a kanta ba gaskiya ba ne. Wasu suka ce Allah sarki, ashe ciwo ne. Wata ta ce ai aljani ma yana iya dasa ƙari. Wata daga cikin 'yan zumunta ta ja ni gefe ta ce in daina wahalar da kaina, ko ciwo ne ko ba ciwo ba, ai bakinta ne ya faɗa, kuma auren Hilda bai dawo ba. Hilda na bayanmu tana zuba wa mutane ruwa. Ban san ko ta ji ba.

Hilda ba ta taɓa ce mini ga abin da kika yi ba, har yau. Sai dai yanzu in ranar asibitinta ta zo, shiryawa take yi ta tafi, sai na ga katin a kan tebur nake sani. Abatcha yana gaishe ni kullum da safe, cikakkiyar gaisuwa, idonsa a kan takalminsa.

Kwana biyu bayan sadakar uku, baƙi sun watse, Falmata ta fito da kayan uwarta za ta wanke a rabar. Ta tara su a gindin famfo, zannuwa da mayafai da 'yan riguna, ta cika baho. Ina ƙofar ɗakina ina gyaran alayyafo. Na ga ta ɗauki zane ɗaya ta kai fuskarta, ta ja numfashi, ta jefa a ruwa. Ta ɗauki na biyu ta yi haka. Duk na shekarar nan ne, hayaƙi da fitsari da man ƙuna. Ta tono na ƙasa, tsofaffin da aka daɗe ba a ɗaura ba, tana shinshina kowane a wuya da gefe ko za ta ji ƙamshin turaren uwarta, tana jefawa. 'Yarta ta zo ta tsuguna kusa da ita, ita ma ta ɗauki wani ɗankwali ta manna a hanci tana kallon uwar.

Da ta kai na ƙarshe ta daɗe da shi a fuska. Sannan shi ma ta tura shi cikin bahon, ta danna da hannu biyu har ruwan ya rufe shi.